Shayin da Ya Zube a Kwamfutar Malama

Zuwa ga jikanyata Sukudireba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da uwarki da ƙannenki. Yaya shago? Ni nan alhamdu lillahi. Gwiwar ce dai ta ƙi sulhu, kunnen hagu ya yi ritaya gaba ɗaya, na daman ma yana neman takardar sallama. Shi ya sa ban kira ki a waya ba. In na kira, ki yi ihu in yi ihu, unguwa biyu su ji sirrinmu, mu ba mu ji juna ba. Kuma mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana buga wa wasiƙun jama'a hatimi a gidan waya bai kamata ya manta yadda ake rubuta tasa ba.

Takardar nan za ta zo miki ta hannun Sai-Gobe direba, tare da ƙunshi a cikin tsohon bargo. Kada ki kwance a gabansa, bakinsa ya fi motarsa gudu. Abin da ke ciki kwamfutar Malama ce, matar kawunki, tsohuwar kwamfutar nan da ake ninkewa. Ruwa ne ya ɗan taɓa ta, ta ɗauke wuta.

Malama ta tafi jinyar mahaifiyarta, ta kwashe yaran, sai ƙarshen wata za su dawo. Kawunki yana can wurin aikinsa. Ni kaɗai ne a gidan, ba wanda ya sani, kuma ba na so kowa ya sani. A cikinta aikin karatun Malama yake, wanda ta shekara tana bugawa tana goya yaro. Yarinyar nan tun da na dawo gidan ɗana da zama ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, ruwan wankana bai taɓa hucewa ba. Idan wahalarta ta salwanta ta hannuna, da wane ido zan karɓi kwanon abinci daga wurinta?

Tun kina rarrafe kika kwance mini rediyo, na sa miki suna Sukudireba maimakon duka. To yau ranar biya ce. Ki mayar mini da ita yadda take, ki ba Sai-Gobe ya kawo kafin su dawo. Kada ki gaya wa uwarki, don gaya wa uwarki da gaya wa kawunki duk ɗaya ne.

Kakanki.

*

Kaka,

Gaisuwa da girmamawa. Muna lafiya ƙalau, Mama na gaishe ka, ko da yake ba ta san ta gaishe ka ba, tunda ka hana a gaya mata. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi.

Saƙo ya iso. Amma Kaka, tsakaninka da Allah, wane irin ruwa ne wannan? Ina ɗaga murfin baya kiyashi suka fito a jere kamar an tashi daga makaranta. Ruwan rijiyarku yanzu da madara da sukari yake fitowa? Shayi ne, kuma mai kauri, irin naka da cokali ke tsayawa a ciki. Likita dai ya hana ka sukari, ni ban ce komai ba. Da ka ce mini shayi ne tun farko, da ranar da ta iso na buɗe ta, ba sai na bar ta ta kwana tana jiran layi ba. Ruwa bushewa yake ya tafi, shi kuwa sukari zama yake ya yi ta cin ƙarfe.

Kuma na san ka danna makunnin bayan abin ya faru, ba sau ɗaya ba, ga tabon ƙuna nan. Na san ka shanya ta a rana, ga roba ta lanƙwashe. Ba sai ka faɗa ba, na buɗe na ga komai da idona.

Ga inda muke. Na cire batir, na kwance allon cikinta na wanke da sifirit da buroshi, na bar shi yana shan iska. Rumbun da take ajiye rubutu shayin bai kai gare shi ba, don haka aikin Malama na nan lafiya, ka kwantar da hankalinka a kan wannan. Madannan rubutun ne suka mutu murus, sun manne kamar an zuba musu alewa. Sai na zaga kasuwa neman irinsu, kuma kwamfutar nan sa'ar rediyonka ce, ba kowa ke da kayanta ba.

Sai tambaya ɗaya da ke cina. Ba kai ne ka ce mata akwatin ɓata lokaci ba? Ba kai ne ka kori Auta 'yar Malama da sanda don ta zo kusa da ita da lemo a hannu ba? To me ya haɗa kifi da kaska?

Jikanyarka,
Sukudireba.

*

Ke,

Ina gaishe ki, don ba a fara takarda da faɗa. Lafiyata lau, in ban da barci da ya ƙaurace mini.

Na aika miki amsa gajeriya na ce ki yi aikinki ki bar tambaya, shiru. Kullum ina zaune a bakin ƙofa ina leƙen motar Sai-Gobe har mai shagon kusa da mu ya tambaye ni ko baƙo nake jira. Jiya kuma kawunki ya turo saƙo a waya wai, "Baba, komai lafiya a gidan?" Yaron da sai ya yi wata bai tambaya ba! Na karanta na sake karantawa. Kin gaya masa ko? In kin gaya masa ki faɗa mini, in san inda zan sa kaina.

Na kuma koma kan takardarki. Kin ce kin buɗe kin ga komai da idonki. To tunda kin gani, ba sauran ɓoye-ɓoye, gara ki ji daga bakina da ki zauna kina yi wa tsoho dariya ke kaɗai.

E, bidiyon mai ɗakina nake kallo, Allah ya jiƙanta. Wanda kawunki ya ɗauka shekarar da za ta rasu, tana shanya a tsakar gida tana yi masa faɗa ya sauke abin nan daga fuskarta, ba ta ɗaura ɗankwalin kirki ba. Sau ɗaya ya nuna mana a falo, na ce shirme ne na tashi na fita. Amma na lura da inda ya danna. Ni da na haddace lambobin akwatin gidan waya na gari guda, danna wuri uku zai gagare ni?

Tun daga nan kullum da safe, in Malama ta kawo mini shayi ta koma kicin, sai in ɗauko kwamfutar daga kan kantar da ake ajiye ta, in shige ɗaki in tura ƙofa. In kunna a hankali, in kara kunnen dama a jikinta, in ji matar nan tana masifa. Kafin a gama karin kumallo na mayar da ita wurinta, har ƙurar da ke gefenta ba na taɓawa. Ranar da abin ya faru, ta zo daidai inda take cewa, "Ka je ka ɗauki ubanka, shi ne ba shi da aikin yi," na sunkuya don in ji sosai, hannun rigata ya kwashe kofin.

Ni ne nan da ranar rasuwarta na hana yara kuka, na ce haƙuri ake yi. Ni ne na ce a kwashe kayanta daga ɗaki kada a dame ni. Yanzu a ce tsoho da furfura yana satar kayan surukarsa yana shiga ɗaki yana sauraron matarsa? Wallahi ina rubutawa ina jin kamar ƙasa ta tsage. Kin ji abin da ya haɗa kifi da kaska, sai ki huta.

Kakanki.

*

Kaka,

Ina gaishe ka, kuma ina neman gafara kafin in ce komai. Lafiya muke.

Takardunka biyu tare suka zo mini. Motar Sai-Gobe ce ta kwanta a gareji, ya bar saƙon mutane a aljihun gaban mota yana ta ce musu sai gobe. Ban yi magana da Kawu ba, ko Mama ba ta san komai ba. Ina jin kewarka ce kawai ta kama shi.

Kaka, da na ce na ga komai, kiyashi nake nufi da tabon ƙuna da daskararriyar madara. Ba na buɗe ajiyar mutane a shagona, ko hoto ɗaya, in na fara haka wa zai sake ba ni kayansa? Ban san da bidiyon ba sai a takardarka. Na karanta ta a tsaye ana ta hayaniyar kasuwa, na shiga bayan kanta na zauna a kan kwali, wata mai jiran wayarta ta ɗauka rasuwa aka yi mini. Bakina ne ya jawo, na tsokane ka kamar kullum na sa ka faɗi abin da ba ka yi niyya ba. Na ji kunya ƙwarai. Maganar nan daga ni sai kai.

Yanzu ga albishir. Ta tashi! Na samo madannai sababbi fil a wurin wani mai tsofaffin kaya, ya ce shekara da shekaru suna kwalinsu ba wanda ya tambaya. Da na ji abin da take a wurinka sai na ce ba zan yi mata aikin rabi da rabi ba. Na ɗaure marfin da ke lilo, na cire salatif ɗin da aka naɗe tsagewar gefe na like ta da gam yadda ba a gani, na goge gilashin, na kankare duk wani datti. In ka gan ta sai ka ce yau aka fito da ita daga kanti.

Sifikarta ma na canza, don ta yage. Wannan kam ba laifin shayi ba ne, alama ce ta wani yana ƙure mata murya har ƙarshe kullum. Sabuwar ta fi tsohuwar fitar da magana tas.

Tana nan cikin bargonka. Ka riƙa ajiye kofi a ƙasa, don Allah.

Taka,
Sukudireba.

*

Sukudireba,

Gaisuwa. Saƙo ya iso, kuma kin kashe ni.

Na kwance bargo na ɗauka Sai-Gobe ya musanya mini da ta wani. Ke yarinya, cewa na yi ki mayar da ita yadda take, ban ce ki yi mata kwalliyar amare ba! Ba ki ga madannan Malama ba? Rabinsu haruffan sun goge saboda aiki, ta yanka filasta ƙanana ta manna, ta rubuta kowane harafi da biro da hannunta. Akwai ɗaya da ya ɓalle tana danna shi da farce. Salatif ɗin nan baƙi da kika cire kawunki ne ya naɗa ranar da yaro ya yar da ita. Marfin kuma da littafi take tokare shi. Yanzu ga shi tsaye ƙyam kamar soja. Ko makaho ya shafa ya san an taɓa ta.

Na gwada gyara ɓarnarki. Na sayo filasta na zauna ina yankawa, amma rubutuna na gidan waya ne mai ƙugiya, nata kuwa na malaman makaranta ne, a miƙe. Na ɓamɓare na zubar. Har toka na ɗebo zan shafa mata don ta tsufa, sai na tsaya da tokar a hannu na ce, kai tsoho, ina za ka kai kanka?

Maza ki aiko mini da tsofaffin madannan, ko filastan kaɗai ki ɓamɓaro a hankali in manna a kan waɗannan. Ranar Juma'a za su dawo, mahaifiyarta ta samu sauƙi.

Batun sifika kuwa ki bincika wani, ba ni ba. Ni a hankali nake kunnawa, da ƙyar ni kaina nake ji.

Kakanki da kika jefa a rami.

*

Kaka,

Ina gaisuwa da kai a ƙasa.

Madannan babu su. Ranar da na cire su na jefa a buhun tarkace, masu sayen tsohon ƙarfe kuma sun zo sun kwashe. Ina karanta takardarka na rufe shago na bi su har inda suke zubewa. Na tarar da tsibi ya fi ɗakinmu tsawo, na tona har hannuna ya yanke, yaran wurin suna yi mini dariya. Ban samu ba.

Na ga filastan nan sarai, Kaka. Na ma yi tsaki na ce wace irin ƙazanta ce wannan. Ni a sana'ata in abu ya fita daga hannuna yana ƙyalli shi ne na yi aiki, ban tsaya na karanta maganarka da kyau ba. So nake ka buɗe bargo ka ce Sukudireba ta iya, ga shi na iya har na wuce gona da iri.

In ka yarda, ni zan rubuta wa Malama in ce na zo gaishe ka na gan ta ta tsufa, na ɗauke na gyara mata don kyautatawa. Ta yi fushi da ni, ba komai, ai ni ba a gidan nake kwana ba.

Mai kunyarka,
Sukudireba.

*

Jikanyata,

Bayan gaisuwa, ina fatan hannun ya warke. Ki wanke shi da sifirit ɗin naki, ki daina tonon juji saboda tsoho. Na daɗe ban rubuto ba, ba fushi ba ne, rasa ta inda zan fara na yi. Ƙaryar da kika ce za ki yi mini na gode, amma ba zan sa jikanyata ta yi ƙarya don in tsira da gemuna ba.

Sun dawo ranar Juma'ar da yamma. Na mayar da kwamfutar kan kanta, na tsara maganar da zan yi tun daga sallama har neman gafara. Malama ta durƙusa ta gaishe ni, na tambayi jikin mahaifiyarta, na tambayi hanya, na tambayi direba, har lafiyar kajin gidansu na tambaya. Maganar kwamfuta kuwa na tsallake ta.

Bayan ta sallami yara ta ɗauko ta ta zauna a falo. Ina kujerata na buɗe jarida, ban san ma a juye take ba sai daga baya. Ta ɗaga marfin, ta kai hannu za ta ɗauko littafin da take tokarewa, sai ta ga ya tsaya da kansa. Ta dubi madannan. Ta shafa su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta juya gefen da salatif yake. Auta ta leƙo ta ce, "Lah, Mama, an saya miki sabuwa?" Ta ce, "Je ki wanke ƙafarki." Ta buɗe aikinta ta duba har ƙasa, ta yi ɗan rubutu, ta rufe, ta ce mini sai da safe. Ko kallon inda nake ba ta yi ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da safe na ƙi fitowa. Na ce daga yau ni da akwatin nan har abada, matar nan kuma sai mun haɗu a can. Ina zaune a bakin gado sai ga sallama. Malama ce da faranti. Ta ajiye a kan teburina, ta koma ta dawo da kwamfutar a rungume, ta buɗe ta, ta jona caji, ta danna wurare ukun nan ba tare da ta tambaye ni ba. Ga mai ɗakina tsaye da jiƙaƙƙen zane a hannu, an tsayar da ita tana shirin buɗe baki.

Na dubi farantin. Ba kofina ba ne. Wani sabo ne mai murfi, irin wanda ake murɗawa, da 'yar ƙofar da ake kurɓa.

Na ce, "Malama..." Ita kuwa kanta a sunkuye, ta zagayo ta ɓangaren kunnen dama, ta ɗaga murya yadda ba ta taɓa yi mini ba, ta ce, "Baba, don Allah a riƙa barin ƙofar a buɗe. Kullum daga kicin nake sauraron Inna, amma in an rufe ƙarshen maganar ba ya iso mini sosai."

Sukudireba, ashe gidan duka ji ake yi! Ni ina nan ina saɗaɗawa kamar ɓarawon kaza, ina lallaɓa ƙofa, ashe muryar matar nan har bakin titi. Daga baya mai shagon kusa da mu ya ce mini shi da ita yake sanin lokacin buɗe shago ya yi, da ya ji shiru kwanakin nan har ya so ya tambaya, kunya ta hana shi. Auta kuwa ta haddace faɗan tsaf, an dai hana ta yi a gabana. Tafiyar nan ma da gangan Malama ta bar kwamfutar, alhali tana da aikin da za ta yi a can. Kin gaya mini batun sifika, na ce ki bincika wani.

Ban ce mata shayi ba, ba ta ce mini madannai ba, kuma na san ba za mu taɓa cewa ba. Har yanzu in ta shigo da faranti sai in ji fuskata ta yi zafi, in kama gyaran hula. Amma ƙofar a buɗe take. Yau da aka zo wurin "shi ne ba shi da aikin yi," na hango ta ta taga tana dariya ita kaɗai a kan tukunya, tana share ido da gefen mayafi.

Ki gaishe da uwarki, kuma ki gaya mata in kin ga dama, ai ita kaɗai ta rage ba ta ji ba. Takardar nan Sai-Gobe zan ba, ya ce sai gobe. Kofin nan kuwa na gwada shi da kaina, na ture shi da gwiwar hannu a kan tebur da Malama ba ta kusa. Ko ɗigo bai fita ba.

Kakanki.